Babbar Mota a Gindin Dutsen Abzin: Tarke a kan Littafin Bilal da Fim ɗin Io Capitano

Gabatarwa

Akwai wani hoto wanda duk mai bin jaridun Turai ya sha gani tun farkon shekarun 2000. Babbar mota ce ƙirar Mercedes, an labta mata kaya har ba a ganin jikinta: katifu da buhuna da kekuna, ga jarkokin ruwa an naɗe su da algarara suna reto a gefe da gefe, sannan a can bisa mutum fiye da ɗari sun cunkushe, kowa ya rufe fuska saboda ƙura. A ƙarƙashin hoton kuwa kalma ɗaya ake rubutawa, wato Agadas. Wannan hoto ya yi tasiri har ya zama shi ne fuskar garin a idon duniya, ya sha gaban hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, ya kuma sha gaban fadar Sarkin Abzin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken ayyuka biyu da suka fi kowane yaɗa wannan hoto: littafin Bilal na ɗan jaridar Italiya Fabrizio Gatti, wanda ya fito a 2007, da fim ɗin Io Capitano na Matteo Garrone, wanda ya fito a 2023. Ayyukan biyu suna da ƙima, kuma za mu faɗi ƙimarsu. Sai dai dukansu sun bi ta gindin duwatsun Abzin sun wuce ba tare da sun ɗaga kai ba, kuma wannan giɓi ya shafe mu kai tsaye, domin da waɗannan ayyuka ne ɗalibanmu suke fara sanin yadda duniya take kallon ƙasarsu.

Hanyoyin da Suke Fita daga Agadas

Kafin a shiga ayyukan, ya kamata mai karatu ya riƙe taswira a ransa. Hanya ta farko ita ce kwaltar da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom, daga can kuma a miƙe zuwa Asamaka da iyakar Aljeriya. Ta biyu ita ce hanyar gabas, wadda take gewaya kudancin duwatsu ta faɗa rairayin Tenere, ta bi ta rijiyar Itacen Tenere da ta Ashagur har Dirku a ƙasar Kawar, tafiyar kilomita fiye da 600, daga nan a yi arewa zuwa Libiya. Ta uku ita ce ta kudu, wadda take zuwa Damagaram da Kano, tsohuwar hanyar fatake. Ta huɗu kuwa, wadda ita ce damuwar wannan maƙala, tarin ƴan hanyoyi ne na tsakuwa da korai waɗanda suke kutsawa cikin dutsen kansa, zuwa Tabalot da gindin Bagazam da Timiya da Iferwan.

Mota ta daɗe a waɗannan wurare. Tsakanin 1959 da 1960 kamfanin Berliet na Faransa ya ƙetare Tenere da manyan motocinsa domin ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 1973 wata babbar mota ta banke Itacen Tenere, ƙaya guda ɗaya tilo da ayarin gishiri yake saiti da ita tun zamanin kakanni. Gawar itacen tana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Daga 1979 kuma tseren motocin Paris-Dakar ya riƙa ratsa yankin shekaru da dama. Ashe tun kafin a fara maganar ƴan ci-rani, baƙi sun riga sun saba kallon wannan ƙasa a matsayin filin gwada ƙarfin inji da ƙarfin zuciya. Wannan gado ne ayyukan da muke tarke suka tarar, kuma ba su kuɓuta daga gare shi gaba ɗaya ba.

Bilal: Shaidar Wanda Ya Hau Motar

A ƙarshen 2003 Fabrizio Gatti ya taso daga Dakar, ya ratsa Mali, ya iso Yamai da Agadas, sannan ya biya kuɗin mota kamar kowa ya hau bayan babbar mota zuwa Dirku. Sunan littafin ya samo asali ne daga wani abu da ya yi daga baya, a 2005, lokacin da ya ɓad da kama ya ce shi Bakurde ne mai suna Bilal, domin a tsare shi a sansanin baƙi na tsibirin Lamfedusa ya ga abin da ake yi a ciki. An fassara littafin zuwa Faransanci a 2008, kuma ta wannan fassara ce yawancin masu karatunmu suka san shi.

Ƙarfin littafin yana cikin abin da Hausawa suke cewa gani ya kori ji. Gatti ya san nauyin jarka, ya san yadda ƙafa take sanƙarewa idan ta yini tana reto a gefen mota, ya san tsoron wanda barci yake ɗauka alhali in ya saki hannu zai faɗo. Ya ƙidaya shingayen da ake tsayar da mota, ya bayyana yadda ake sauke fasinjoji a tatse su, wani lokaci da duka. Ya kuma yi bayanin waɗanda kuɗinsu ya ƙare a Dirku suka maƙale, suna yi wa wasu bauta da fatan su tara na gaba. Marubucin ya ba abokan tafiyarsa suna da murya da tarihi, ya riƙe alaƙa da wasunsu ta wasiƙa bayan rabuwa. A zamanin da jaridun Turai ba su san waɗannan mutane ba sai a matsayin adadi, wannan aiki ne na adalci, kuma ya cancanci yabon da ya samu.

Ta fuskar zubi da tsari kuwa, littafin ya bi layi guda: daga kudu zuwa arewa, daga fata zuwa azaba, daga Afirka zuwa ƙofar Turai. Duk abin da ba ya kan wannan layi ya zama ado a gefen hanya. Agadas ta zama ɗakin jira, mutanenta kuma suka kasu biyu, ko mai cin moriyar matafiyi ko mai tausaya masa. Duwatsun Abzin, waɗanda motar take bin gindinsu kafin ta faɗa rairayi, sun kasance alama ce kawai ta cewa an kusa barin duniyar masu rai. Mai karatu zai rufe littafin yana zaton babu wanda yake shiga babbar mota a Agadas sai mai niyyar ƙetare teku, alhali manazarta irin su Julien Brachet, wanda ya fitar da littafinsa a kan wannan hanya a 2009, sun nuna cewa akasarin masu bin ta Libiya da Aljeriya suke nufa domin aiki, su dawo gida, kuma da yawansu ƴan Nijar ne. Motar da take tafiya arewa da mutane ita ce take dawowa kudu da dabino da taliya da barguna da waɗanda suka gama ci-raninsu. Littafin bai ba wannan dawowa muhimmancin da ya ba tafiyar ba, domin jigonsa yana fuskantar Italiya ne, kuma da lamirin mutanen Italiya yake magana.

Io Capitano: Kyan Hoto da Rashin Wuri

Shekara goma sha shida bayan littafin, Matteo Garrone ya kawo labarin Seydou da Moussa, ƴan uwa biyu matasa daga Dakar, waɗanda suka tara kuɗi a ɓoye suka kama hanyar Turai. Fim ɗin ya sami lambar gwanin shiryawa a bikin Venis na 2023, tauraronsa Seydou Sarr ya sami ta matashin ɗan wasa, sannan aka sa shi cikin jerin masu takarar Oscar a 2024. An gina labarin a kan shaidar waɗanda suka yi tafiyar da kansu, cikinsu har da Mamadou Kouassi ɗan Kodibuwa, kuma da Wolof da Faransanci aka yi mafi yawan maganganun. Waɗannan duka abin a yaba ne. Garrone ya juya kyamara ta kalli Turai daga nesa da idon yaro ɗan shekara goma sha shida, abin da ba a saba gani ba a sinimar Italiya.

A cikin fim ɗin babbar motar Gatti ta riga ta zama tarihi, kuma wannan daidai ne. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ƙananan motoci ƙirar Toyota Hilux ne suka mamaye hanyar, ana ɗora mutum ashirin da wani abu a baya, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin ƙafafunsa. Fitowar da mutum ya faɗo daga mota, direba ya ƙi tsayawa duk da ihun fasinjoji, tana daga cikin mafi tsanani a fim ɗin, kuma masu shaida da yawa sun ba da labarin irinta. Haka nan fitowar da wata mata ta kasa tafiya a rairayi, Seydou ya yi mafarkin yana jan hannunta tana shawagi a sama, ta nuna gwanintar mai shiryawa wajen haɗa gaskiya da tatsuniya.

To amma ɗan Agadas da ya kalli fim ɗin zai nemi garinsu ya rasa. A Senegal da Maroko da Italiya aka ɗauki fim ɗin, don haka abin da aka kira Agadas wani wuri ne aka yi wa kwalliya. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, domin sinima ta saba da aro, kuma halin tsaro na iya hana ɗaukar hoto. Laifin shi ne ba a ga alamar an ji rashin ba. Garin ya wuce cikin ƴan mintuna a matsayin tasha da ƴan kamasho. Hamadar da ta biyo baya tudun rairayi ce mai ruwan zinariya irin ta katin gaisuwa, babu baƙin dutse, babu kori, babu rijiya mai suna. Direba kuwa fuska ce a cikin rawani, ba shi da uwa ba shi da gari, bai san komai ba sai taka mota. Fim ɗin da ya yi ƙoƙari ƙwarai ya mayar wa matafiyi mutuncinsa bai yi wa mai tuƙa shi irin wannan adalci ba.

Wannan batu ya wuce na fasaha. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita da ƙarfi a 2016 tare da goyon bayan Tarayyar Turai. An kama motoci, an ɗaure direbobi, sana'ar da ake yi a fili tare da rakiyar soja kowace Litinin ta koma ta ɓoye. Masu mota suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani don gudun kamu, haɗarin ya ƙaru. A tsakiyar 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa bayan motarsu ta lalace tsakanin Agadas da Dirku. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, wata biyu bayan fim ɗin ya fara fitowa. Siffar direba marar imani, wadda littattafai da finafinai suka yi ta maimaitawa, tana cikin abubuwan da suka sa irin wannan doka ta yi sauƙin karɓuwa a wajen waɗanda ba su taɓa taka ƙasar ba. Babu mai musun cewa akwai azzalumai a cikin masu wannan sana'a. Gawarwaki 92 da aka tsinta a arewacin Arlit a watan Oktoba na 2013, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, sun isa shaida. Amma aikin adabi shi ne ya bambanta mutum da mutum, kuma a nan ne ayyukan biyu suka gaza.

Motar da Ba a Ɗauki Hotonta Ba

Da ɗaya daga cikin waɗannan baƙi ya bar tashar Dirku ya nufi inda ake sauke kayan lambu, da ya ga wata babbar motar dabam. Ita ma Mercedes ce ko tsohuwar Berliet, ita ma an yi mata lodi fiye da ƙima, mutane suna zaune a bisa kaya. Sai dai kayan nata albasar Tabalot ce, da dankalin Turawa da tafarnuwa na Bagazam, da lemo da rumman na Timiya. Dutsen Bagazam, wanda Hausawa suka san sunansa ta hanyar dokinsa, shi ne yake ɗauke da ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar, mita 2,022, kuma akwai ƙauyuka da lambuna a bisansa. Tsawon zamani jakuna ne suke sauko da amfanin gona ta matsatsun hanyoyi zuwa inda mota take iya isowa. Albasar nan takan wuce Agadas ta kai kasuwannin bakin teku, kamar yadda ta Galmi take yi.

Na taɓa bin irin wannan mota daga Tabalot, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan ilmin da tafiyar take bukata. Direba yana karanta kori kamar yadda malami yake karanta allo: ya san inda yashi yake da tauri da safe ya yi laushi da rana, ya san lokacin da zai sa a rage iskar taya, ya san hadarin da in ya taso a kan dutse ruwansa zai iso korin da ke gabansa bayan sa'o'i ko da ɗigo bai sauka a inda yake ba. Yaran mota suna dirowa da farantan ƙarfe su shimfiɗa a gaban taya, mota ta hau, su ciro su sake kai su gaba. A hawa mai tsanani fasinjoji sukan sauka su taka, wani yaro yana bin motar da katako a hannu don ya tare taya in ta ja baya. In dare ya yi a tsaya a dafa shayi, a gasa tagalla a cikin toka da yashi, a yi hira da Tamajak da Hausa a gauraye. Wannan ilmi ne na madugu ya sauya abin hawa. Mutanen Timiya da suke kai raƙuma Bilma da Fashi su ɗauko kantu da dabino, su gangara ƙasar Hausa su sayo gero, su ne iyaye da kakannin masu waɗannan motoci.

Wannan hanya ma tana da nata baƙin ciki, wanda ya isa jigon littafi. Tawayen da ya fara a 1990 ya rufe ta har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Na biyu, wanda ya fara da harin Iferwan a watan Fabrairu na 2007 ya kai 2009, ya bar nakiyoyi a kan hanyoyi, ya sa mutane suka watse daga garuruwansu, amfanin lambu ya rasa mai ɗauka. Yawon buɗe ido, wanda ya ciyar da direbobi da masu ja-gora da maƙera tun zamanin Mano Dayak, ya durƙushe. Da yawa daga cikin waɗanda suka koma jigilar ƴan ci-rani, ko suka ruga haƙar zinariya a Jado da Cibarkaten daga 2014, daga wannan durƙushewa suka fito. Wanda bai san labarin dutsen ba, ba zai fahimci mutumin da yake riƙe da sitiyari a cikin rairayi ba.

Abin mamaki shi ne baƙon da ya zo tun kafin mota ya fi waɗannan lura. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tintellust a 1850, ya ratsa duwatsu ya shiga Agadas a watan Oktoba, ya rubuta sunayen kwaruruka da itatuwa da rijiyoyi, ya lura da yadda Hausa take zama harshen ciniki a garin, sannan ya bi ayarin gishiri zuwa kudu. Barth yana da nasa son zuciya irin na zamaninsa, amma tafiyar raƙumi da takarkari ta tilasta masa ya ga abin da gudun mota yake ɓoyewa.

Ina Namu Rubutun?

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan ne tarken ya juyo kanmu. Adabin Hausa ya san hamada tun farkonsa: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ya bi ayari da uwar da take neman ɗanta har Murzuk da Tarabulus. Ya kuma san labarin tafiya, daga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam zuwa Motsi Ya Fi Zama na Aminu Kano. Sai dai waɗannan biyun Turai suka kai mai karatu, kuma har yau labarin babbar mota a cikin Abzin ya fi yawa a bakin direbobi da waƙoƙin masu gita na Agadas fiye da a takarda. A fagen fim an nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Sani Magori ya ɗauki albasar Galmi ya yi fim da ita a 2008, ya nuna yadda farashin buhu yake ɗaga aure ko ya jinkirta shi, sannan a Kukan Kurciya na 2010 ya dubi ci-rani daga wajen waɗanda aka bari a gida. Irin wannan ido ne hanyar Tabalot da Timiya take jira.

Kammalawa

Hukuncin wannan maƙala shi ne Bilal da Io Capitano ayyuka ne na gaskiya a kan matafiyi, masu rauni a kan wuri da mai wuri. Ya dace malamai su sa su cikin abin da ake nazari a manyan azuzuwa, musamman da yake ƴaƴanmu suna cikin masu bin waɗannan hanyoyi, amma a karanta su da taswira a gefe, a tambayi ɗalibi wane ne ya yi magana a cikin labarin, wane ne kuma aka hana shi magana. Ƙungiyoyin al'adu kuwa suna da aikin da ba ya jira. Tsofaffin direbobin da suka fara shigar da Berliet cikin korayen Abzin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, tare da sunayen zangunansu da kirarin motocinsu da labarin shekarun nakiya. Naɗar muryoyinsu da Hausa da Tamajak, a tashoshin Agadas ko a taron bikin Abzin na Iferwan, ba ya bukatar fiye da na'urar ɗaukar magana da mai haƙurin saurare. Daga irin wannan taska ne marubucin da zai ba mu labarin motar albasa zai sami abin da zai fara da shi.